Tsagar da ke Jikin Bindigar Aro

A hutun damina na shekarar da hannun daman Baba ya shanye, kusan kullum a gidanmu na cikin birni nake wuni. Ni malamar firamare ce, makaranta kuma a rufe take. Maigidana kan sauke ni a bakin lungunmu da safe idan zai wuce ofis, ya dawo ya ɗauke ni bayan la'asar. Baba ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, mutum ne da bai iya zaman banza ba, sai ga shi yanzu ko maɓallin rigarsa sai an ɓalla masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Wata safiya ina share ɗakinsa ya ce, "Uwata, hau kujera ki sauko mani da abin can na bisa kwaba."

Tun muna yara mun san da wani dogon abu a can, naɗe cikin tsohon bargo, kuma mun san ba a taɓa shi. Na sauko da shi da ƙyar, na kwance igiyar. Bindiga ce mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi guda. Tsatsa ta cinye ƙarfen ya yi ja. Katakon gindinta ya yi baƙi, fentin ƙyallin da ke jikinsa duk ya ɓaɓɓare, ga wata doguwar tsaga daga bayan kunama ta gangara kusan tsawon tafin hannuna.

"Ba tawa ba ce," in ji Baba. "Ta Alhajin Batagarawa ce."

Na tuna mutumin. Abokin Baba ne tun elementare, manomi, dogo mai yawan dariya. Da muna ƙanana yakan zo mana da rake da ɗanyar gyaɗa a bayan babur, muna kiransa Baba na Batagarawa. Ina farkon sakandare ya daina zuwa. Na taɓa tambayar Inna ko faɗa suka yi, ta ce maza ne, su suka san tsakaninsu.

Ranar ce Baba ya ba ni labarin, yana kallon bango. Ya ce aron bindigar ya karɓa na sati ɗaya, zai je harbin zabin daji da abokan aiki. Da Alhaji zai miƙa masa sai da ya ce ya kula da ita, ita kaɗai ce abin da ya rage masa na mahaifinsa. A rana ta biyu Baba ya zame a bakin wani rafi, ya faɗi, gindin bindigar ya bugi dutse ya tsage.

"Na ce bari in gyara ta kafin in maida. Sati ya wuce, wata ya wuce. Aka yi mani canjin wurin aiki. Da na dawo sai na ga in na kai ta yanzu, mi zan ce ya hana ni kai ta bara? Haka dai. In na hango shi wurin ɗaurin aure sai in bi ta wata ƙofa."

"Baba, shekara talatin da wani abu fa ke nan."

"Na sani. Jiya a masallaci aka ce mani ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ina so in kai masa abinsa yadda ya ba ni. Ni ba ni da hannu. Ke za ki zama hannuna."

Na ce masa ni ban taɓa riƙe bindiga ba, a kai wa maƙeri mana. Ya ce a wannan zamani ba ya so a ga bindiga ta fita daga gidansa ana yawo da ita unguwa-unguwa, kuma ba cikinta zai taɓa ba, jikinta kawai. Maigidana da ya ji, hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce kafin a motsa da ita ko nan da ƙofar gida sai hukuma ta sani. Baba ya sa na ɗauko wani gwangwanin alewa, a ciki akwai tsohon lasisin bindigar da sunan Alhaji, takardar ta yi laushi kamar tsumma. Maigidana ya tafi da takardar don ya bi hanyar da ta dace, mu kuma muka fara aiki.

A barandar Baba muke shimfiɗa buhu. Abu na farko, ya sa na karya ta na ɗaga ta sama na leƙa, sai da na ce masa ina ganin haske ta ɗaya bakin sannan ya yarda babu komai a ciki. Ya nuna mini inda zan kwance da sukudireba har ƙarfe ya rabu da katako. Ƙarfen muka jiƙa da kananzir kwana biyu, sannan na riƙa goge shi da soson ƙarfe irin na wanke tukunya, mai laushin, ina ɗiga man keken ɗinkin Inna. In na matsa hannu sai ya ce, "A hankali, tsatsar za ki cire, ba ƙarfen ba." Tsumma nawa na ɓata ban sani ba. Farcena ya yi baƙi, kwana da kwanaki abinci na yi mini warin kananzir.

Katakon ya fi ba ni sha'awa. Baba ya hana a fara da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Ya sa aka fasa kwalba, ya zaɓi gutsuren da bakinsa ya miƙe, ya ce in riƙa kankare tsohon fentin da shi ina bin yadda zanen itacen ya kwanta. Fentin na fita siriri-siriri yana naɗewa, daga ƙarƙashi sai ga itace mai launin zuma. Inda ya lotsa kuwa, sai a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna dutsen guga mai zafi, tururi ya tashi, lotsawar ta ɗago kaɗan. Na farko da na gani sai da na yi shewa. Baba ya yi dariya, dariyar da ban ji ba tun da ciwon ya same shi.

Shi aikinsa dubawa ne. In na gama wani sashe sai in ɗora masa a cinya, ya rufe ido ya bi da yatsun hagunsa. "Nan akwai saura," zai ce, kuma in na duba da kyau sai in ga akwai. Inna kan leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ka maida mani ɗiya kafinta." Ya ce ai ta fi kafintocin yanzu haƙuri.

Tsagar muka bari ƙarshe, don Baba ba ya son kallonta. Ranar da na zo kanta hadari ya haɗo, muka ja buhun ciki. Ina kankare bakin tsagar sai na ji kwalbar ta karci wani abu mai tauri. Na goge wurin da yatsa. Wani ɗan ɗigo ne rawaya, kamar kan ashana. Na ƙara kankarewa, sai ga na biyu ƙasa da shi.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya ce in ba shi tabarau. Ya juya katakon wajen haske ya daɗe yana kallo. Ƙusoshin tagulla ne guda biyu, an buga su sun ratsa tsagar, an goge kansu daidai da itacen, an shafe su da fenti. Ya ce in zura allura cikin tsagar in yaƙuto abin da ke ciki. Wani busasshen gam ne ya riƙa fitowa, baƙi, yana marmashewa.

"Kai ka sa su?" na tambaye shi.

"Ban taɓa ta ba tun ranar da na naɗe ta."

Ruwa ya sauko. Muka zauna muna jin ƙararsa a kan kwano. Can ya ce, a hankali, "Ashe dama a tsage take. An ɗinke ta ne tun kafin ta zo hannuna. Faɗuwar da na yi ɗinkin kawai ta buɗe."

Na ɗauka zai ji sauƙi. Bai ji ba. Ranar bai ci abincin rana ba. Da zan tafi na shiga yi masa sallama na same shi zaune bakin gado, ya ce, "Uwata, a kan wanga abu na kasa shiga cikin mutane a jana'izar uwarsa. Na tsaya daga nesa na yi salla na gudu." Na durƙusa na gyara masa hular da ta karkace, na ce gobe da wuri zan zo.

Washegari muka wanke tsagar, muka cika ta da sabon gam, na ɗaure ta tam da igiyar roba ta tsohon tayar keke. Na tambaye shi ko a rufe ƙusoshin kamar da. Ya ce a'a, a bar su a fili. Bayan ta kame na bi katakon da sanfefa mai laushi, sannan muka shiga shafa mai. Wani man katako ne maigidana ya samo wurin masu haɗa kujeru. Baba ya ce ɗigo uku kawai, a murza da tafin hannu har sai hannun ya yi ɗumi, a jingine ya sha iska, sai gobe. Da yake damina ce ba ya bushewa da wuri, muka yi kusan sati biyu a haka. Wannan kam Baba da kansa ya yi, ni ina riƙe masa, shi yana murzawa da hagu. Kullum launin na ƙara zurfi, har zanen itacen ya fito kamar igiyar ruwa.

Da maganar takarda ta kammala, muka tafi wata Asabar da hantsi. Maigidana na tuƙi, Baba a gaba cikin farar babbar riga, ni a baya da bindigar cikin sabon zane. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu Baba yana cewa ko a bari sai wani satin. Maigidana ya yi kamar bai ji ba.

Babban ɗan Alhaji ne ya tarbe mu, ya kai mu zauren da uban yake kwance a kan katifa. Ya rame ƙwarai, tsawon nan nasa duk ya tattare. Baba ya yi sallama daga bakin ƙofa. Alhaji ya ɗago kai, ya kalle shi, ya ce, "Wa nake ji kamar mai gandun daji?"

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta jiki da iyali da damina da gona, kowannensu na riƙe da hannun ɗan'uwansa bai saki ba. Ni na durƙusa gefe na gaishe shi, ya ce, "Wagga ce mai cinye mani rake?" Sannan Baba ya yi mini alama na buɗe zanen.

Alhaji ya karɓe ta ya ɗora a ƙirji. Ya shafa ƙarfen, ya shinshina katakon, yatsansa ya sauka kan ƙusoshin.

"Ka ga aikin tsoho," ya ce. "Jaki ne ya taka ta ina yaro. Kwana uku yana gyaranta a zauren nan."

Baba ya ce, "Ni na ɗauka ni na tsaga ta. Kunya ta hana ni zuwa."

Alhaji ya ɗago ido ya kalle shi. "Bindiga? A kan bindiga ne?" Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, ɗansa ya ba shi ruwa. Da ya natsa sai ga hawaye na bin gefen fuskarsa. Ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka wata magana ce da ya yi. Wai ranar da ya ba da aron ya tsokani Baba a gaban mutane, ya ce ma'aikacin gwamnati ko kaza aka ɗaure masa ba zai same ta ba. Da ya ga Baba na kauce masa sai ya ce lallai maganar ce ta yi zafi, shi ma kuma nauyin zuwa ba da haƙuri ya kama shi. Baba ya rantse ko tuna maganar bai yi ba.

Na tashi na shiga cikin gida wurin matan, don na ga ba za su so ina kallon fuskokinsu ba. Daga tsakar gida ina jiyo su, sun koma gardama a kan ko zabi nawa Baba ya harbo kafin ya faɗi. Baba na cewa biyu, Alhaji na cewa bai yarda ba sai an kawo shaida.

Daga nan duk Asabar maigidana ke kai Baba Batagarawa, in yana da uzuri ɗan Alhaji ya zo ya ɗauke shi. Wata bakwai suka samu a haka. Alhaji ya rasu bayan sallar azumi, Baba na sahun gaba wurin yi masa salla, ana riƙe da shi ta hagu da dama. Bayan sadakar bakwai ɗan ya zo gida ya yi shawara da Baba a kan bindigar. Ya ce shi ba maharbi ba ne, kuma ba ya son ajiye ta a gida yadda gari yake yanzu. Baba ya ce ya miƙa ta ga hukuma, haka kuma aka yi.

Ni abin ya ɗan sosa mini rai, na ce masa duk wahalar nan da muka sha. Ya ce ai mai ita ya gan ta. Baba yana nan da ransa, hannun bai dawo ba, amma ya koyi cin abinci da cokali da hagu. A hutun da ya biyo baya ya sa aka fito da tsohuwar kujerar katakon Inna mai karyayyen hannu, ya ce tunda na iya, kada in bari hannuna ya manta.