Waifar Motar Dakta Sa'id

Braimah ya koyi gyaran wayoyin mota a Kumasi tun yana ɗan shekara sha huɗu, kuma da wannan sana'ar ya ci abinci shekara ashirin da shida a Birmingham. Garejin da yake aiki yana bayan babban titin Erdington. Daga nan zuwa ɗan gidan da ƙaramar hukuma ta ba shi tafiyar minti bakwai ce. Tun da matarsa Azara ta rasu, 'yarsu Faridatu kuma ta koma Hulme tana aikin nas, sai ya zama yakan yi kwana uku bai yi Hausa da kowa ba. Abokan aikinsa suna girmama shi, amma hirarsu ba ta wuce ƙwallo da ruwan sama.

Wata Laraba wani likita ɗan Kano, Dakta Sa'id, ya kira shi daga Salford. A masallaci aka ba shi lambar. Ya ce ya sayi motorhome, irin motar nan mai gado da kicin a ciki, don ya riƙa fita da iyali, amma waifa ta hana shi sakat. Sai ta tashi da kanta ana rana, in kuma ruwa ya sauko ta tsaya cak a tsakiyar gilashi. Gareji biyu sun duba, sun canja roba da fis, ba ta daina ba.

"Asabar zan shigo, in sha Allahu," in ji Braimah. Bai saba zuwa aiki nesa haka ba, amma ya tuna Hulme ba ta da nisa da Salford.

Ya hau jirgin ƙasa na safe da jakar kayan aikinsa. Ya tarar da motar a ƙofar gida, fara, ta kusa cika farfajiyar. Dakta ya fito da jallabiya da rigar sanyi a kai, suka gaisa kamar sun daɗe da sanin juna.

Braimah ya kunna mota, ya saurara. Ya daki gefen sitiyari da tafin hannu, waifa ta yi tsalle sau ɗaya ta tsaya. Nan take ya san inda ciwon yake. Ya buɗe murfin gaba, ya leƙa, ya ga baƙar wayar da ke haɗa injin waifa da jikin mota ta yi tsatsa, kusoshinta sun saki. Aikin minti goma ne.

Yana shirin ɗauko sifana sai ga matar gidan, Hajiya Nana A'isha, da tiren shayi da ƙosai mai zafi.

"Malam, a fara karyawa tukuna. Aikin ba gudu zai yi ba."

Braimah ya bar sifanar cikin jaka. Suka zauna a cikin motar, a ɗan teburin da ke bayan kujerar direba. Dakta ya tambaye shi labarin zango, unguwar Hausawan Kumasi, ya yi dariyar yadda mutanen Kumasi ke ce wa mace "ya zo". Braimah ya rama da cewa Hausar Kanawan Ingila rabi Turanci ce. Da suka gama, bai nufi wayar ba. Ya ciro fis ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya kwance sandar da ke kunna waifa, ya hure ƙura, ya mayar. Ya gwada rile, ɗan akwatin da ke sakar wa waifa wuta. Duk abin da ya taɓa sai ya yi wa Dakta bayani, shi kuma yana tsaye riƙe da tocila yana tambaya kamar ɗalibi.

Sai bayan sun yi azahar tare ya kankare tsatsar, ya sa sabon kai a wayar, ya ɗaure tam. Dakta ya watsa ruwa da tiyo, waifa ta share gilashi sumul, ta koma mazauninta ta kwanta.

"Ikon Allah. Wannan 'yar wayar ce kawai?"

"Ita ce," in ji Braimah. Ya goge hannunsa. "Gaskiya, Dakta, tun da safe na gan ta."

Dakta ya dube shi, bai tambayi dalili ba. Ya ce, "To, ai gara da aka duba sauran."

Sun so ya tsaya cin abinci, ya ce 'yarsa na jiransa. Hajiya ta zuba masa shinkafa da miya a roba. A tashar taragon cikin gari ya kira Faridatu. Ta ɗauka da sauri, da Turancinta na Birmingham, ta ce an ƙara mata awannin aiki, me ya sa bai faɗa mata tun jiya ba? Ya ce ba komai, dama wucewa yake yi. Ta ce za ta zo ƙarshen wata.

Ya samu kujera kusa da taga a jirgin ƙarfe huɗu. Robar tana da ɗumi a kan cinyarsa, bai buɗe ba, ya bar ta don dare. Wajen Stafford saƙo ya shigo wayarsa: hoton Dakta da iyalinsa a cikin motar, sun fita gwaji a kan babban titi. A ƙasa an rubuta cewa hitar ɗumama motar ma tana ɗan wasa, ko yana da lokaci wata Asabar. Braimah ya karanta sau biyu, ya sa tabarau, ya fara rubuta amsa da yatsa ɗaya.