Ƙwaƙwalwar da Na Shanya Tare da Kuɓewa

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana ta faru, a Gagarawa, 'yan shekaru bayan an ba mu jiharmu.

Ina da fararen zabi, irin da mahaifiyata ta taho da shi daga Sule Tankarkar. Zabuwa ba ta iya kwanci, kaza ake sa wa ƙwanta. To, a daminar nan ciwo ya share mini kaji kaf, zabin ma huɗu suka rage, duk sun tsufa. In ba a ƙyanƙyashe a shekarar ba, irin ya ƙare a hannuna.

Ɗana na biyu malamin makaranta ne a Gumel, tun yana ƙarami ba ya barin rediyo da rai. A kasuwar Maigatari ya samo wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannu ba, da wani baƙin abu a tsakiya mai 'yar tagar gilashi. Ya ce ƙwaƙwalwa ce, abin da aka rubuta mata shi take yi. Ya haɗa akwatin katako, ya sa gulob biyu da batirin babbar mota. Abokinsa, wani Kirista ma'aikacin gwamnati mai kwamfuta, shi ya taya shi rubutun. In akwati ya huce ta kunna wuta, in ya yi zafi ta kashe.

Na ba shi ƙwai goma sha biyu. Muka cika kwanaki, muka ƙara. Duk baragurbi.

Na ce, "Malam, me ka faɗa wa abar nan?"

Ya ce, "Inna, na ce ta riƙe zafi daidai, kada ta saki ko sau ɗaya."

Na ce, "Kai da ka girma a bakin akurki? Wace kaza ka taɓa gani ta kwana ashirin ba ta tashi ba? Da hantsi takan sauka ta yi kiwo, ƙwai ya sha iska. Tana juya shi da baki. Ni kuma ina yayyafa ruwa a yashin da ke ƙarƙashinta."

Sai ya ɗauko biro. "Sake faɗa, Inna. A hankali."

Sai ga wata matsala. Ba a rubuta sabo sai an wanke tsohon, kamar allon makaranta, kuma ba da ruwa ba, da haske. Fitilar wankin tana Kano. Rana ma tana yi ta cikin tagar nan, in ji shi, amma sai ta daɗe. Ga zabi sun fara rage ƙwai, ga shi ƙwai ba ya jiran kowa.

Na ce ya bar mini. Shanya dai aikina ce.

Na ɗora ƙwaƙwalwar a faifai, a saman rumfa, gefen kuɓewata. Rana ta karkata, in karkatar da faifai. Hadari ya taso, kafin in kwashe kuɓewa ita nake fara ɗauka, in ƙulle a gefen zane. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, wannan kuma miyar me za a yi da ita?" Na ce mata miyar zabi.

A rana ta bakwai ya kai ta Gumel, ya dawo ya ce da saura. Na ƙara kwana huɗu. Da ya sake kaiwa, abokin ya aiko da cewa a gaida Mama, ƙwaƙwalwa ta wanku tas. Suka rubuta maganata a ciki, suka liƙe tagar da takarda.

Ƙwai tara gare ni, na ƙarshe. Na gwada ɗumin akwati a fatar idona, na ce wa Malam ya rage kaɗan, ya rage. Na sa kaskon ruwa a ciki, na shafa wa kowane ƙwai gawayi a gefe guda don in gane wanda na juya. Da hantsi sai ka ga gulob ya mutu da kansa, can ya dawo. Sau uku a yini ƙwaƙwalwar tana yin ƙara, in wanke hannu in juya ƙwai. Ranar Alhamis Malam yana zuwa a babur ya canja batir.

Kwana ashirin da bakwai, ina tankaɗe, na ji ɗan kuka a cikin katako. Kafin la'asar ta washegari bakwai sun fito, biyu suka ƙi. Malam ya tsuguna yana kallo, ya ce, "Inna, ashe ke ce injiniyar." Na ce ya matsa, yana tare musu iska.

Abokin nan an mai da shi garinsu, sai da ya tafi da zabi biyu a kwando. Maƙwabciyata ta yi shekara uku tana kawo mini ƙwanta ina sa mata a akwatin kafin Allah Ya yi mata rasuwa. Malam ya yi ritaya, ya buɗe shagon gyara a Gumel, furfura ta cika masa kai, har yau yana ƙona yatsu da dalma. Ni kuwa idona ya yi rauni, na daina juya ƙwai. Jikata ta karɓa, kuma a gidan aurenta yanzu fararen zabin suke kiwo.