Lakar da Na Kai Jimeta

A shekarar da mutane suka gudo Yola daga arewacin jihar, na samu aikin lebura wajen wani injiniya mai auna ƙasa. Za a gina azuzuwa a gefen Yolde Pate saboda 'ya'yan masu gudun hijira, wurin kuwa fadama ce.

Gwaji biyu muke yi. Na farko a filin: mu soka sandar ƙarfe mai fukafukai huɗu cikin laka, ni in murɗa a hankali har lakar ta saki, injiniya yana duba allurar ma'auni. A nan sandar ta juya kamar a cikin kunu. Na biyu, mu cika bututun ƙarfe da laka, mu toshe bakinsa da kaki don kada damshi ya fita, a kai ɗakin gwaji a Jimeta.

Ni aka aika da bututai uku a keke. A shingen bincike mai bindiga ya hango su, ya ja da baya.

"Baba, mene ne ciki?"

"Laka ce, ranka ya daɗe."

"Laka? Ta ƙare a Jimeta ne? Sauka ka buɗe!"

A lokacin, bututu a toshe kowa ya san abin da yake nufi: bam. Na ɓare kakin, suka tsikara da tsinke, suka zaunar da ni a rana har la'asar, bututan a buɗe, lakar tana bushewa. Da suka sallame ni na sayi kyandir na sake toshewa. Ban gaya wa kowa ba. Ni ma ɗan gudun hijira ne, ba na son a ji an tsare ni.

Sakamako ya dawo, ya ce lakar ta fi abin da sandar ta nuna ƙarfi nesa ba kusa ba. Injiniya ya daɗe yana kallon takardun biyu.

"Bappa, ko hannunka ne ya yi sauri?"

Na ce mai yiwuwa. Aka yi ginin bisa takardar Jimeta.

Daga baya a cikin ginin na shiga koyon karatu da yamma. Bayan allo akwai tsaga da yatsana ke shiga. Bara ba ya shiga. Makon jiya na gaya wa malamarmu komai. Ta ce in rubuta da hannuna ta kai ofis, shi ya sa na rubuta wannan. Mu manya mun koma gindin bishiya. Yaran safe suna ciki har yanzu, ga damina ta kama.