Matar da Ta Ƙi Toshe Kiran Ɗakin Ƙarshe

Kowace safiya tun bara, kafin ta ajiye jaka, Anti Mai Waya, mai kula da na'urorin asibiti, kan bi ɗakunan majinyata tana danna ƙararrawar kowane gado. Sannan ta zauna a teburin nas-nas tana jiran kwamfuta ta yi barci, domin idan ba a taɓa ta ba takan kashe allo ta kwanta, don batir ya kai. Anti ce ta saita ta: ko tana cikin gyangyaɗi, in kira ya shigo, dole ta fasa barcin. Wannan watan Anti za ta yi ritaya.

Bara wata tsohuwa ta rasu a ɗakin ƙarshe, aka kulle ɗakin. Tun daga nan, da la'asar ta yi, allon zai fara dushewa, sai ya haskaka da kansa yana nuna kira daga wannan ɗaki. Nas biyu suka buɗe ƙofar. Gado a shimfiɗe, madannin yana rataye a bango, ko motsi ba ya yi. Suna tsaye a wurin, ƙararrawa ta sake kaɗawa a tebur. Aka daina bin wannan lungu sai mutum biyu-biyu.

Sista babba ta ce, "Anti, ki cire ɗakin nan daga masu tada kwamfutar. Yarana sun kasa aiki."

Anti ta ce, "Sista, ni ma tsigar jikina tashi take yi. Amma ba zan toshe kiran da ban san mai shi ba."

Ta shiga ɗakin ita kaɗai, ta hau kujera, ta buɗe silin, ta bi waya da hannu cikin ƙura. Ashe masu fenti sun sauya wayoyi biyu. Mai kiran yana ɗakin da ke maƙwabtaka: wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya ɗauke. Duk la'asar in aka juya shi, robar iskarsa kan lanƙwashe a ƙarƙashin kafaɗa, ya yi ta danna madanni da ɗan yatsan da ya rage masa, yana jin takun nas-nas suna wuce ƙofarsa.

Dattijon nan mahaifina ne. Ya ƙara watanni a duniya, har ya riƙe jikarsa ta fari.

Ke ce kunnen marasa murya, Anti. Kin ji tsoro kamar kowa, amma kika hau kujerar. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma da za ku gaji teburinta, duk ranar da na'ura ta farka ba ku ga dalili ba, kada ku yi saurin kashe ta. Ku tashi ku duba ɗakin da ke kusa.