Ajin Uwani da ba a jin ihunsa

Damina bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Malama Uwani, Allah ya jiƙanta. Ita ke koyar da 'yan ajin share fage a wata firamare nan Haɗeja, kuma har ta koma ga Allah iyaye ba su daina ƙorafi a kanta ba.

Laifinta, ajinta shiru. A garinmu uba daga kan babur yake auna makaranta. In ya ji yara na rera ɗaya zuwa goma har kwanon rufi na amsawa, to ana karatu. Ita kuwa sai ta zube musu ƙwallayen dabino a tabarma, ta ce ga mutum bakwai za su haye kogi zuwa gona, kwalekwale biyu ne, a raba su. Takan ce yaron da ya gane agwagwar uwarsa ɗaya ba ta dawo daga fadama ba ya riga ya iya ƙirge, na gaba yake jira. Ni ma, da karatuna bai wuce firamare ba, na taɓa ce mata ta daina wasa da 'ya'yan mutane. Ta ce, "Yaya, ihu kake so ko lissafi?"

Yau ga jikata Ummi, shekararta ta biyu a makarantar kuɗi tana rera ɗaya zuwa ashirin da Turanci. Yarinyar da ke raba wa yaran gida soyayyen kifi ba mai kuka! Ranar walimar makaranta aka sa mata hula da doguwar riga, ta maimaita haddar, iyaye na ta tafa mata, ban da ni. Yanzu kullum da safe, lokacin makaranta, sai ta ce ciwon ciki. Da na lallaɓa ta, ta ce, "Kaka, abu ɗaya fa ake ta faɗa."

Na je wajen malamarta. Ta ce tarawa da ɗebewa sai aji ɗaya, kuma babu uban da ya koka. Gaskiyarta. Mu muka nuna musu abin da muke so.

Da Uwani na raye, ba za ta tsaya jayayya ba, zama za ta yi da yarinyar. Ba a raɗa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Abin da ya rage nata shi ne ɗan abin da na tsinta a bakin ƙofar ajinta ina harararta, shi nake gwadawa da la'asar. Jiya Ummi ta tambaye ni ko takwas za ta rabu gida uku. Na ce ban sani ba, mu gwada. Har aka kira magariba ba ta yarda mun tashi ba.