Rikoda a Ƙarƙashin Faifai

Ina goyon ɗana na fari ƙanwar maigidana ta zo zama wurinmu a Mubi. Zamanin jihar Gongola ne, komai sai an ce Yola. Ta gama sakandare, ta samu shiga babbar makarantar nan ta bakin gari, kuma tun ranar da ta sauke akwatinta nake tambayar me take karantawa.

"Ilimin kasuwanci ne, Adda," in ji ta. "Yadda ake sa mutum ya so kaya har ya saya."

"Talla ke nan."

"Talla, amma ta zamani."

Ni ban gama firamare ba, amma na yi tallar dakkere, irin dambun geron nan da ake damawa da nono, a Maiha tun ina ƙarama. Na san mai talla ba ta taɓa cewa na jiya ne. To wadda za ta zauna shekaru ana koya mata wannan, yaya zama da ita gida ɗaya zai kasance? Ban faɗa ba. Na dai sa mata ido.

Ita kanta hankalinta bai tsaya wuri ɗaya ba. In yayanta ya dawo daga shagon ɗinkinsa, sai ta zauna gefen tabarma ta yi ta jero masa hanyoyi. Wai in ta gama, kamfanonin sabulu na Kano da Kaduna suna ɗaukar irinsu, su riƙa yawo a mota mai lasifika. Wai akwai ma'aikatar yaɗa labarai, masu kai majigi ƙauyuka. Wai tana iya wucewa jami'a a Maiduguri ta karanta aikin jarida gaba ɗaya.

"Hamma, ni fa rediyo nake so," ta ce masa wata rana.

"Ke da ba ki yin shiru, ai sun samu ma'aikaciya," ya ce.

Ashe wani mutum ne ya zo daga gidan rediyo na Yola ya yi wa ɗalibai magana. Ya ce duk mai son a gwada shi lokacin hutu ya aiko da kaset, hira da matan gida, don shirin mata. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma bai kwanta mini ba. Namiji yana zaune a ofis yana tara muryoyin matan mutane a akwati, me zai yi da waɗanda bai sa a rediyo ba?

Ta aro rikoda wurin wata ƙawarta, baƙa, mai maɓallai a jere kamar haƙoran tunkiya. Ni ta fara nufa.

"Adda, ki faɗa mini me kike ba shi ya yi ƙiba haka."

"Wa?"

"Ɗanki mana."

"Ban san yana da ƙiba ba."

Ta yi dariya har da buga cinya. Ita a makarantar kwana ta girma, wasu abubuwan sun wuce ta. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Innata har yau "wancan" take ce wa yayana, ga shi da furfura. Nawa kuma sunan surukina aka sa masa, sunan da ko a mafarki bai kamata ya fito daga bakina ba. Ga yaron tubarkalla, cinya duk ninki. In za mu asibiti awo tsohuwar riga nake sa masa, in shafa masa baƙin tukunya a goshi, don tsoron kambun baka. Na ce mata ta nemi wata.

Ta bar maganar da sauri. Saurin ne bai yi mini ba.

Sai batir ya fara ɓacewa daga tocilan ɗin maigida. Sai ta koyi zama kusa da ni in ina ba yaro nono, da kwando a gefenta, ita da ba ta taɓa tsince ko wake ba sai an yi magana. Na riƙa kame bakina. In tana nan, ko kuka yake sai in jijjiga shi shiru kamar ɗan maƙwabta.

Ran nan da hantsi ta yi shiri, ta ce ta tafi makaranta. Na ji ƙarar ƙofar zaure. Gida ya zama daga ni sai kaji. Na zuba ruwan ɗumi a baho na zaunar da shi, yana dukan ruwa yana ƙyalƙyala dariya, sai bakina ya kwance. Na kira shi da sunansa, cikakke. Na yi masa kirari, na yabi cinyoyin, na yabi wuyan da ba a gani, na yi masa waƙar da ni na ƙirƙira ba wanda ya taɓa ji. Ina cikin goge masa jiki na ji wani abu ya ce ƙat.

Daga kwandon da ke bakin ƙofar ɗakinta ne. An rufe shi da faifai, an ɗora ɗan tsumma. Na ɗaga. Kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya tashi da kansa.

Ban taɓa rikodar ba, don ban san wane maɓalli ke gogewa wanne ke aikawa ba. A lokacin na ɗauka yana iya tafiya Yola daga nan inda yake. Na dai ɗauki kwandon gaba ɗaya na kai ɗakina, na zauna a kan dokin ƙofa da yaro a baya har azahar.

Tare suka shigo da yayanta, ya dawo cin abinci. Ta dubi bakin ƙofarta, ta dube ni.

"Adda…"

"A makarantar ne aka koya miki rufe abu da faifai?"

"A'a. Cewa aka yi mu nemi izini."

"To?"

"Na nema! Duk matar da na sa wa rikoda a gaba sai ta ce lafiya lau, mun gode Allah, shi ke nan. Wa zai ɗauke ni aiki da lafiya lau? Gobe ƙawata za ta Yola, ita za ta kai."

Maigida ya ce a kunna ya ji. Ta mayar da kaset baya. Sai ga wata mata tana rawar murya tana shirme, da ƙarar ruwa a bayanta. Sai da na ji dariyar yaron na yarda ni ce. Shi kuwa har da riƙe ciki.

"Ashe kin iya waƙa kike ɓoye mana?"

Bai rufe baki ba sunan mahaifinsa ya fito daga akwatin, da muryata, har da jan ƙarshensa. Dariyar ta tsaya. Tsohon yana Mayo Bani, kuma rediyonsa ba ya rabuwa da kafaɗarsa ko a gona.

"Ba za a faɗi sunanki ba fa," in ji ta, murya ƙasa ƙasa.

"An faɗi nasa. Kuma duk mai kunne daga nan har Kamaru zai ji yadda cinyar yaron nan take. Ke za ki tsare mini shi daga bakin duniya?"

Ta fashe da kuka, wai wannan ne kaɗai abin kirki da ta samu, wai in ya wuce ta sai dai motar sabulu. Tausayinta ya ɗan taɓa ni, amma na lura tana kukan hannunta na kan rikodar.

Maƙwabciyarmu ce ta raba. 'Yar Michika ce, mai waƙa a coci, 'ya'yanta cike da gida, kuma katangarmu ba ta tare magana.

"Ku kawo abin nan wajena!" ta ɗaga murya. "Ni ba ni da kunya na ɗan fari. Zan faɗa suna nasu duka, har wanda yana ciki."

Muka zagaya. Na ce a kan wannan kaset ɗin za a ɗauka, a kan muryata, ina gani. Maƙwabciya ta gyara ɗaurin zane ta yi ta zuba: kunun gyaɗa, ƙyanda, yadda ake yaye, da mijinta da ba ya iya riƙe jariri. Ƙanwar tawa ta share hawaye tana jefa tambaya, kuma gaskiya ta iya, don har ni na so jin amsar.

Da suka gama ta ce shi ke nan, ta miƙe. Na ce a mayar baya mu ji, daga farko har ƙarshe.

"Adda, ai ya hau kai."

"Mu ji."

Muka ji. Maƙwabciya ta yi sallama a cikin akwatin, aka ɗan yi shuuu, sai ga ni: "…ɗan lukutina, wa ya kai ka." Hirar ba ta kai ƙarshen zaren ba. Na dubi yarinyar. Ta rantse ba ta sani ba. Wataƙila. Na sa maƙwabciya ta rera waƙar cocinsu a kan sauran har maɓalli ya tashi, na sa aka juya ɗaya gefen ma muka saurara.

An kira ta Yola da hutu. Ranar da za ta hau mota na tambaye ta ko ran nan ne kaɗai ta ajiye kwandon.

"Haba Adda," ta ce, ta sumbaci yaron a ka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar da aka sa hirar, matan layinmu suka cika tsakar gidan maƙwabciya suna guɗa duk sanda ta ambaci sunan wani ɗanta. Ni ina gefe da goyo, kunnena na can bayan maganar, ko zan ji ƙarar ruwa a baho. Ban ji ba. Mako na zagayowa na karɓi rediyon maigida tun kafin lokacin shirin, na zauna kusa da shi.