Ƙanƙarar Bunu da Gwiwar Mardiyya

Duk wanda ya taɓa sayen ɗanyen kifi a Haɗejiya ya ci albarkacin Bunu mai ƙanƙara, ko da bai san fuskarsa ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Kakansa masunci ne da ya biyo kogi daga wajen tafkin Chadi, mahaifinsa kuma ya ƙare rayuwarsa yana banda kifi, hayaƙi ya cinye masa ido. Bunu ya duba hayaƙin nan ya ce shi kam a kai kasuwa, ya kama sana'ar sanyi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana fasa ƙanƙara, yana binne ta cikin buntun shinkafa don kada ta narke, yana kai wa masunta har Auyo a bayan babur.

Mutum ne mai aƙida ɗaya, kuma ba ya gajiya da maimaita ta: "Abin da ƙanƙara ba ta adana ba, Allah bai nufe shi da kwana ba." Kifi, nama, zoɓo, har goro ya taɓa sakawa, ya lalace, ya ce laifin goron ne. Matarsa Falmata takan ce ba ta yarda ta yi dogon barcin rana, don kada ta farka ta gan ta a cikin kular ƙanƙara.

Cikin 'ya'yansa Mardiyya ce ta hannun damansa. Tun tana ƙarama, kullum da safe sai ta zo ƙofar ɗakinsa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ba ta tashi sai ya amsa. Ta girma ta zama malamar firamare a Auyo ba ta fasa ba. Wata rana babur ɗin da ya ɗauko ta ya zame a taɓo, gwiwarta ta dama ta daki dutse. Ƙashi bai karye ba, amma guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashin ya ɓantare, kamar faɗin kwabo. Likitoci suka ce shi guringuntsin gwiwa in ya tafi ba ya sake tsirowa.

Shekara biyu Mardiyya tana salla a kan kujera, tana gaida mahaifinta a tsaye, ta dafa bango, kanta a sunkuye don kunya. Shi kuma sai ya ce, "Ba komai, 'yata, larura ce," sannan ya kau da kai ya shiga gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Abin yana cin sa, har gara a ce gwiwarsa ce.

Ana nan sai Dakta Adila ta zo. 'Yar garin ce da ke aikin ƙashi a nesa, takan zo da ayarin likitoci sau ɗaya a shekara su yi aiki a wani asibiti na garin. Ta duba hoton gwiwar ta ce akwai dabara: za a yi mata dashe, a cike ramin da guringuntsin wani mutum da ya rasu, wanda danginsa suka bayar sadaka. Da ƙyar aka samu wanda ya dace da girman gwiwarta, guda ɗaya tak. Aka sa ranar aiki a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Ranar, da hantsi, abu biyu suka haɗu. Motar likitan da zai yi allurar barci ta lalace a Jahun, aka ce sai la'asar zai iso. Firjin da aka ajiye guringuntsin kuma ya yi wani tari ya mutu. Dakta Adila tana can tana duba wasu marasa lafiya, sai Musa, nas ɗin da ke kula da ɗakin, ya fito a rikice ya ga Bunu zaune a baranda.

"Baba, ai kai ne mai ƙanƙara! Abin da za a dasa wa Mardiyya zai ɗumame, a taimaka da sanyi kafin in kira Likita."

Bunu bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Yau ga ranarsa ta zo. Ya hau babur ya je ya tono ƙanƙarar can ƙasan firiza, wadda ke hayaƙi, wadda in ka taɓa ta take kama maka yatsa. Ita yake ɓoye wa manyan abokan ciniki. Ya dawo ya tarar Musa ya tafi neman Likita, ga 'yar kwalba a rufe ruf cikin akwatinta, da wani ruwa ja-ja a ciki, da ɗan farin abu mai sheƙi yana kwance. Ya yi bismilla ya fasa ƙanƙarar, ya binne kwalbar har wuya. Sannan ya yi abin da yake yi wa kifin da zai yi doguwar tafiya: ya barbaɗa gishiri, don sanyin ya ƙara kaifi. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, zuciyarsa fari ƙal.

Dakta Adila ta shigo, ta ga abin, ta yi salati da ƙarfi. Ta cusa hannu ta fizgo kwalbar, ta ɗaga ta wajen haske tana juyawa, tana neman ko ruwan ya fara daskarewa. Can ta sauke numfashi.

"Bai daskare ba. Baba, da an ƙara 'yan mintoci, da shi ke nan."

"Shi ke nan me, Likita? Ai sanyi na ba shi, mafi kyau da nake da shi."

"Da ka kashe shi, Baba. Abin nan da ransa."

Bunu ya dubi kwalbar, ya dube ta. "Ba kin ce mai shi ya rasu ba?"

"Yau kwana goma sha tara. Amma a cikin wannan ɗan farin akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna raye, ruwan nan ne abincinsu. Su ne za su riƙa kula da guringuntsin a gwiwar Mardiyya shekara da shekaru. In ya daskare, ƙanƙara ta farfasa su daga ciki, za ka gan shi fari tas kamar lafiya lau, amma gawa za mu dasa, ba zai daɗe ba ya zaizaye. In ya yi ɗumi kuma ya lalace. Ko a haka ma kullum raguwa suke, shi ya sa ba ma son ya haura wata guda. Sanyi yake so wanda zai sa shi barci kawai."

Bunu ya zauna a kan kularsa. Garin neman gira saura ƙiris ya rasa ido, kuma idon 'yarsa. Amma abin da ya fi tsoron girma a ransa shi ne mamaki. An yi wa mutum wanka, an sallace shi, an binne, an yi sadakar uku da ta bakwai, ga wani yanki nasa a Haɗejiya cikin kwalba bai san an mutu ba! Sai gaiwa ta faɗo masa a rai. Yana yaro sun sha tono ta a busasshiyar fadama da rani, a dunƙule cikin ƙasa kamar tsohon itace, a jefa ta a ruwa ta motsa.

"Gaiwa ce ke nan," ya ce a hankali. "Allahu akbar. Ikon Allah sai kallo."

Ya share fuska ya miƙe. "Likita, faɗa mini iyakar sanyin da yake so."

Ta nuna masa ma'aunin sanyi mai 'yar igiya. Ta ce lambar ta tsaya kusa da huɗu, kada ta sauka ƙasa da biyu, kada ta haura takwas.

To, sanin wurin bugu shi ne ƙira. Bunu bai yi boko ba, amma ya san halin ƙanƙara kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ya zubar da mai gishirin. Ya fitar da sauran ƙanƙarar cikin rana ya bar ta ta yi gumi, har ta daina kama yatsa, don ya san a lokacin zafin ranta ya huce. Ya jera ta a ƙasan kula, ya kwance buhun buntun da ke ɗaure a babur ɗinsa, ya shimfiɗa kaurin yatsa huɗu a kai. Likita ta naɗe kwalbar a leda mai tsabta, aka ɗora ta a kan buntun tare da igiyar ma'aunin, aka rufe.

Daga nan har la'asar bai ɗaga ba. Lamba ta sauka uku, ya ƙara tafin buntu. Ta hau shida, ya rage, ya tsiyaye ruwan da ya narke. Falmata ta kawo abinci ya ce ta mayar. Azahar ma a gefen kular ya yi ta, yana sallamewa ya leƙa lambar. Musa ya rantse ya ji shi yana magana ƙasa-ƙasa da kular, yana cewa, "Bawan Allah, ka yafe mini, ban san kana ciki ba."

Likitan allura ya iso, aka shiga da Mardiyya, aka fito lafiya. Amma Dakta Adila ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce ba wanda zai iya sanin ƙwayoyi nawa suka tsira daga mintocin nan na gishiri, sai gwiwar ta faɗa da kanta, kuma sai an yi watanni.

Watannin nan sun fi shekara biyun baya tsawo a wurin Bunu. Mardiyya ta yi sanda biyu, ta koma ɗaya, ta ajiye. Duk ranar da ta yamutsa fuska wajen taka ƙasa, sai ya ji ɗanɗanon gishiri a bakinsa. Ya daina faɗin aƙidar tasa a kasuwa, har masunta suka fara tambaya ko lafiya. Damina ta zo, kogi ya cika ya shafe hanyar Auyo, ya janye, aka yanke shinkafa.

Wata safiya yana zaune a kan tabarma yana ɗaure buhun buntu, sai ya ji sallamar Mardiyya. Bai ɗago ba, don ya saba da tsayuwar nan da ba ya son gani. Sai ya ga inuwarta tana gajarcewa. Ya ɗago. Mardiyya ta sauka a hankali, gwiwar hagu, sannan ta dama, har ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

Idonsa na kan gwiwar nan ta dama, inda wani mutum da bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, ya durƙusa a gabansa tare da 'yarsa. Ita kuwa ba za ta tashi ba sai ya amsa, haka ta saba.

"Malam, ka amsa mata mana," in ji Falmata daga bakin murhu. "So kake gwiwar ta gaji?"

Ya amsa. Ya tambaye ta kwana, ya tambaye ta gajiya, ya tambaye ta makaranta da yaran makaranta da hanyar Auyo, duk don kada ta tashi da wuri. Da tambayoyin suka ƙare, ya ɗaga hannayen nan masu kanta, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Zauna haka tukuna, 'yata. Mu yi wa mai gwiwar addu'a."